Ƙari a ƙwaƙwalwar wani manomin riɗi a Jigawa: yadda gwajin ƙwayar gado ya sauya sunan ciwon

Mutumin da gidansa

Mutumin da wannan nazari ya shafa manomi ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Shekarunsa 34 lokacin da abin ya fara. Gero da wake yake nomawa don ci, riɗi da zoɓo don sayarwa, da rani kuma yana taɓa dillancin awaki a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Matarsa ɗaya, 'yar baffansa, auren zumunta, 'ya'yansu huɗu. Gandu ɗaya suke da yayansa, kuma duk maganar da ta shafi kuɗi a bakin yayan take ƙarewa. Ba ya shan taba, bai taɓa yin hatsarin da ya bugi kansa ba, ba a kuma san wani a danginsa da ya yi ciwon daji ba. An sakaya sunansa da na ƙauyen bisa roƙon iyalin, waɗanda suka ba da takardun asibitinsa aka duba.

Nuwamba 2020 zuwa Disamba 2021: faɗuwa

Ana kakkaɓe riɗi a gona ya fara faɗuwa. Waɗanda suke wurin sun ce hannunsa na hagu ne ya fara karkarwa, sai bakinsa ya karkace, sannan jijjigar ta game jiki ya faɗi. Ya farfaɗo ba tare da ya tuna komai ba. A gida aka ce iska ce ta taɓa shi, tun da akwai tsamiya a gefen gonar. Aka yi masa ruƙiyya, ya sha rubutu, aka yi hayaƙi. Bayan mako bakwai ya sake faɗuwa, a wannan karon a ɗakinsa.

Wani mai kemis ya ce farfaɗiya ce, ya ba shi finobabiton. Faɗuwar ta ragu zuwa kamar sau ɗaya a wata biyu, sai hankalin kowa ya kwanta. Sau biyu ya je ƙaramin asibiti cikin 2021 da ciwon kai. Na farko aka yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, na biyu na taifot. A duka katinan biyu ba a rubuta ta wane ɓangaren jiki jijjigar ke farawa ba. A ƙa'idar likitanci, babban mutum da ya fara farfaɗiya da girmansa, musamman in ta hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya take somawa, hoton ƙwaƙwalwa yake buƙata.

Matarsa ta lura da wani abu da ba ta gaya wa kowa ba sai daga baya. Mutumin da ba ya mance lissafin akuya ɗaya ya koma mantuwa, ga saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gaban ƙwaƙwalwa, inda daga baya aka ga ƙarin, shi ne ke riƙe da tsara al'amura da danne fushi.

Janairu zuwa Afrilu 2022: hoto, tiyata da takardar farko

Da sanyin Janairu ciwon kan ya koma na kullum. Ya fi tsanani da asuba, yana zuwa da amai. Wata rana buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu yana alwala, bai ji fitarta ba. Likitan babban asibitin yankin ya haska cikin idonsa, ya ga jijiyar gani ta kumbura, alamar matsi a cikin ƙoƙon kai, ya tura su Kano a ranar.

An yi hoton CT, sannan MRI. Suka nuna ƙari a gaban ƙwaƙwalwa ta dama, faɗinsa santimita 5.5, da kumburi kewaye da shi. Aka sa masa deksametason don rage kumburin. Cikin kwana biyu ya miƙe yana cin tuwo, har yayan ya fara maganar komawa gida, sai da aka fahimtar da shi cewa ruwan da ke kewaye da ƙarin ne ya janye, ƙarin yana nan. Aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa aka biya kuɗin tiyata.

An yi aikin a tsakiyar Maris. An cire mafi yawan abin da hoto ya nuna, aka bar ɗan siririn yanki da ya manne wa wurin da ke motsa hannu da ƙafa, domin taɓa shi na iya shanye masa ɓarin jiki. Irin wannan ƙari, wanda ake kira giliyoma, daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa yake tasowa, kuma ba shi da iyaka tsayayya. Ƙwayoyinsa na kutsawa cikin lafiyayyen nama nesa da inda ido ko hoto ke gani, shi ya sa wuƙa kaɗai ba ta gamawa da shi.

Sakamakon naman ya fito a makon farko na azumi. Likitan da ya duba shi a madubin ƙara girma ya ga matattun wurare a tsakiya da sabbin jijiyoyin jini masu cunkoso, ya rubuta: giliyobilastoma, mataki na 4. Wannan shi ne mafi tsananin ciwon dajin da ke tasowa a ƙwaƙwalwar manya. Babban gwajin da aka wallafa a 2005, wanda har yau shi ne ginshiƙin maganin, ya nuna rabin waɗanda aka yi wa gashin inji (ƙona ƙarin da hasken na'ura) tare da maganin ciwon daji mai suna temozolomaid sun wuce wata 14.6, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuma wata 12.1. Da aka yi wa yayan bayani ya ce: "Likita, in dai shekara guda ce, gara mu mayar da shi ya ƙarasa a ɗakinsa. Allah ya sani ba ƙin sa muka yi ba, amma gandun nan mutum goma sha bakwai yake ciyarwa."

Afrilu zuwa Mayu 2022: bulon kaki

Wani matashin likita a sashen tiyatar bai gamsu da takardar ba. Giliyobilastoma ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, kuma daga alamar farko zuwa asibiti yawanci ba ya wuce wata uku. Ga mai shekara 35 da ya yi wata goma sha huɗu yana faɗuwa yana kuma noma. Ya nemi a sake gwada naman ta wata hanya.

Abin da yake nema yana cikin rubutun gado. Kowace ƙwayar jikin mutum na ɗauke da wannan rubutu, wanda ake kira DNA, mai haruffa kusan biliyan uku, da ƙwayoyin gado wajen dubu ashirin. Bambancin da ake samu a wannan rubutu iri biyu ne. Akwai wanda mutum ya karɓo daga uwa da uba, yana cikin kowace ƙwayar jikinsa, yana kuma iya miƙa wa 'ya'yansa. Akwai kuma tangarɗar da ke afkuwa a ƙwaya guda a tsawon rayuwa, ta yaɗu kawai ga ƙwayoyin da suka tsiro daga ita. Yawancin ciwon daji daga na biyun yake.

A 2008 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka karanta ƙwayoyin gadon giliyobilastoma, suka tarar kusan kashi 12 cikin ɗari na da tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna IDH1, kuma akasarin masu ita matasa ne. Aikin IDH1 na asali shi ne taimakawa wajen sarrafa abinci a cikin ƙwaya. In harafi ɗaya ya sauya a gurbi na 132, sai ta koma tara wani sinadari da ake kira 2-HG. Shi kuma yana hana a goge alamomin da ke rufe ƙwayoyin gado, sai da yawa su kulle, ƙwayar ta kasa balaga, ta yi ta rarrabuwa. Sinadarin ya yi kama da wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke tayar da juna da shi, kuma masu irin wannan ƙari sun fi sauran yawan farfaɗiya. Sau da yawa yana farawa a ƙaramin mataki, ya yi shekaru yana girma a hankali, kafin ƙarin tangarɗa ta mayar da shi mai tsanani.

Binciken 2009 ya nuna nauyin bambancin. Cikin masu ƙarin da a madubi duk giliyobilastoma ne, masu tangarɗar IDH tsaka-tsakin rayuwarsu wata 31 ne, marasa ita wata 15. Saboda haka a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba su gida biyu. Sunan giliyobilastoma ya zama na ƙarin da IDH ɗinsa lafiya lau take, wanda nasa sauye-sauyen daban ne. Mai tangarɗar IDH kuwa, ko ya kai mataki na 4, astirosaitoma ake kiransa.

Gano wannan ba ya buƙatar karanta DNA baki ɗaya. Akwai rinin da ake ɗiga wa siririn yankan nama, wanda ke kama nau'in tangarɗar da ta fi yawa, wajen tara cikin goma. Naman da aka cire a tiyata ana daskarar da shi cikin kaki, ɗan bulo da bai kai akwatin ashana ba, yana kuma shekaru bai lalace ba. Ɗan yayansa, ɗalibi a Kano, ya sa hannu ya karɓi bulon ya aika wani ɗakin gwaji a Legas. Bayan mako uku sakamako ya dawo: akwai tangarɗar IDH1, wani furotin da ƙwaya ke ƙerawa mai suna ATRX ya ɓace, wani kuma mai suna p53 ya taru da yawa. Waɗannan ukun tare su ne hatimin astirosaitoma. Aka gyara takarda.

Akwai gwaji na biyu da aka so a yi, na wata ƙwayar gado mai suna MGMT, amma sai an fitar da naman waje, kuɗin kuma ya fi ƙarfinsu. Temozolomaid yana aiki ne ta hanyar manna wa DNA ɗin ƙwayar ciwon wani ɗan lahani, MGMT kuma ita ce mai cire wannan lahanin. In tana kulle a cikin ƙarin, maganin ya fi ci. A gwajin 2005, cikin waɗanda suka sami gashi da magani, masu kullalliyar MGMT tsaka-tsakin rayuwarsu wata 21.7 ne, sauran wata 12.7. Yawancin ƙari mai tangarɗar IDH yana da MGMT a kulle, don haka likitocin suka ga akwai hujjar a sayi maganin.

Likitan ya ce wa yayan: "Alhaji, ba warkewa nake maka alkawari ba. Amma lissafin da muka ba ka a azumi na wani ciwo ne daban. Wannan ya fi jin magani, kuma in Allah ya yarda ana maganar shekaru." Mara lafiyar ne ya yanke zancen da kansa: "Yaya, a jinginar da gonata ta bakin hanya. In na tashi na fanshe ta, in ban tashi ba yara sa fansa."

Yuni 2022 zuwa Maris 2023: gashi da temozolomaid

An fi so a fara gashi cikin mako shida bayan tiyata. Shi a mako na goma sha huɗu ya fara. Jiran sakamakon Legas ya ci wani ɓangare, sannan a cibiyar farko da aka tura su aka tarar injin ya lalace, sai da suka nemi gurbi a wata mai nisa, suka kama ɗaki kusa da ita. An yi masa zama 30, Litinin zuwa Juma'a, mako shida, jimillar awo 60 a ma'aunin ƙarfin gashi da ake kira gire, tare da temozolomaid miligiram 120 kullum har kwana 42. Bai tsallake zama ko ɗaya ba.

Matsala ta ɓullo daga deksametason. An ce a riƙa rage shi har a daina, amma da yake duk ranar da ya sha yana jin ƙarfi, sai aka ci gaba da saya a kemis wata uku. Shi ne ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, ba wuyar samu. Fuskarsa ta kumbura, cinyoyinsa suka yi rauni, bakinsa ya yi fari, sukarin jininsa ya hau sosai. Aka janye shi sannu a hankali cikin mako biyar, domin yanke shi lokaci guda na da haɗari, sukarin kuma ya sauka ba tare da allura ba. A lokacin ne aka sauya masa finobabiton da lebetirasetam, wanda ba ya sa shi barci da rana.

Bayan gashi, tsarin shi ne zagaye shida na temozolomaid, kwana biyar a kowane kwana 28. Ya yi huɗu daga Satumba zuwa Disamba. An ɗage na uku da mako ɗaya saboda ƙwayoyin daskarar da jini sun yi ƙasa. Na biyar da na shida sun faɗo a Janairu da Fabrairun 2023, daidai lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira. Ga riɗi a ɗaki, ga awaki a turke, amma babu mai tsabar kuɗin saya. Ba a yi su ba. Hoton MRI na Maris ya nuna ragowar ƙarin bai ƙaru ba.

Afrilu 2023 zuwa Yuni 2024: komawa gona, da maganar gado

Ya yi noman daminar 2023 da taimakon babban ɗansa. Hannun hagu bai koma daidai ba, amma yana riƙe fartanya. Sau biyu ya faɗi a tsawon wannan lokaci, duka biyun kuma magani ne ya yanke. An so ya riƙa yin hoto duk wata uku ko huɗu. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota zuwa Kano ya yi tashin gwauron zabo, sau ɗaya ya samu ya yi, a Nuwamba, kuma ba a ga sauyi ba.

A wannan tsakanin dangin mai neman ƙanwarsa suka ja da baya. Sun ji an ce gwaji ya gano tangarɗa a halittarsa, ga farfaɗiya, ga auren zumunta a gidan, suka ce abin a jini yake. Aka koma wurin likita. Ya bayyana cewa tangarɗar IDH ɗin a cikin ƙarin kaɗai take, babu ita a jininsa, ba ta kuma bin 'ya'ya ko 'yan'uwa. Giliyomar da ke bin dangi ba ta wuce kimanin kashi biyar cikin ɗari ba, kuma tana da alamu: ciwon daji iri-iri a dangi tun da ƙuruciya, kamar a lalurar Li-Fraumeni, ko tabo masu launin shayi da madara a fata. Akwai wata lalura da ba kasafai ake gani ba, wadda ta fi fitowa a auren zumunta, inda yaro ke gadon lalatacciyar ƙwayar gyaran DNA daga uwa da uba duka, ya kamu da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ko na jini ko na hanji tun yana ƙarami. Saboda ita aka duba fatar yaran huɗu aka kuma bi tarihin dangin ɓangarorin biyu. Ba a sami komai ba. Likitan ya rubuta takarda, limamin ƙauyen ya karanta wa iyalan biyu, aka ɗaura auren bayan Babbar Sallah.

Yuli 2024 zuwa Janairu 2025: dawowa

Ciwon kan asuba ya dawo, ƙafar hagu ta fara ja. Hoto ya nuna ƙarin ya tsiro a gefen ramin tiyata, ya kuma bi gadar da ta haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ya tsallaka hagu. Tiyata ba ta yiwuwa a wurin, naman kuma ya riga ya sha iyakar gashin da zai iya ɗauka. Aka sake gwada temozolomaid zagaye biyu, bai tsayar da komai ba.

Ba a sake ɗibar nama ba, amma hanyoyin da irin wannan ƙari ke bi ya kauce wa magani sanannu ne. A 2014 masu bincike a Boston suka karanta ƙwayoyi 430 ɗaya bayan ɗaya daga ƙari biyar, suka ga ko a cikin ƙari guda ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne. Manomi ya san wannan: feshi ya kashe harkiya ya bar aya-aya, baɗi aya-ayar ce za ta cika gonar. A shekarar dai wani bincike daga San Francisco ya bi masu giliyoma goma da suka sha temozolomaid, a shida daga cikinsu ƙarin da ya dawo yana ɗauke da ɗimbin sabbin tangarɗa masu tambarin maganin kansa. Abin da ke faruwa shi ne, maganin na kisa ne in sashen gyaran DNA na ƙwayar ya gane lahanin ya yi ta fama da shi har ƙwayar ta mutu. Ƙwayar da wannan sashe ya lalace mata ba ta ganin lahanin, sai ta ci gaba da rarrabuwa da shi.

Ɗan yayan ya karanta cewa a Agustan 2024 Amurka ta amince da wani magani mai suna borasidenib, wanda ke toshe tangarɗar IDH kai tsaye, ya zo da murna yana cewa, "Baffa, an samu na irin naka." Amincewar ta masu mataki na 2 ce bayan tiyata, kafin ciwon ya rikiɗe. Nasa ya wuce nan tun 2022.

Daga Oktoba aka koma kula da shi a gida: mofin na ruwa don ciwo, ɗan ƙaramin awo na deksametason bisa umarnin likita, maganin farfaɗiya a niƙe cikin kunu, da juya shi duk bayan sa'o'i kaɗan don kada bayansa ya yi gyambo. Ya rasu a Janairun 2025, wata 34 bayan tiyata, wata 50 bayan faɗuwar farko. Allah ya jiƙansa.

Hukunci

Rinin da aka yi a Legas bai ƙara masa ko ƙwayar magani ɗaya ba. Gashi da temozolomaid ɗin da aka ba shi su ne dai za a ba mai giliyobilastoma. Abin da ya sauya shi ne shawarar iyali, domin da takardar farko yayan ya riga ya yanke a koma gida, kuma bisa abin da aka gaya masa ba za a ce ya yi kuskure ba. Wata 34 ɗin nan ma ba duka aikin magani ba ne. Wani kaso nasa halin ƙarin ne, wanda tun asali ya fi jinkirin kisa. Sai dai da ragowar mataki na 4 a kansa, ba gashi ba magani, da wuya ya ga daminar 2023 a tsaye.

Asarar da ta fi ciwo a wurina ita ce wata goma sha huɗun farko, ta fi jinkirin inji da zagaye biyun da aka rasa nauyi. Ba na ɗora ta a kan malamin da ya yi ruƙiyya, addu'a ba ta hana hoto. Mutumin ya shiga asibiti sau biyu, kuma tambaya ɗaya, ta ina jijjigar ke farawa, ta isa a tura shi Kano tun 2021, lokacin da bisa dukkan alamu ƙarin ya fi ƙanƙanta, ya fi sauƙin cirewa, wataƙila ma bai kai mataki na 4 ba. Finobabiton ɗin kemis ya rufe alamar da ya kamata ta tayar da hankali.

Tun 2021 takardar gwajin giliyoma da ba ta faɗi matsayin IDH ba ba ta cika ba, ko da likitan da ya rubuta ta gwani ne a madubi. Bai kamata samun wannan layi ya dogara da shakkar likita ɗaya da ɗalibin da zai iya bin bulo zuwa Legas ba. Alƙaluman da aka auna ransa da su kuma, 31 da 15, 21.7 da 12.7, daga marasa lafiyan Amurka da Turai da Kanada aka samo su. Babban binciken 2017 da ya kai adadin wuraren gado masu ƙara haɗarin giliyoma zuwa 25, a kan masu asalin Turai aka yi shi, kuma bambancin da ya fi kowanne ƙarfi, wanda ke kan ƙunshin DNA na 8, wato kuromosom na 8, yake ninka haɗarin ƙari mai tangarɗar IDH wajen sau shida, da wuya a same shi a 'yan Afirka. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da bulullukan kaki na shekaru a ajiye, kuma wannan rinin kaɗai zai nuna kashi nawa na masu giliyoma a ƙasar Hausa ke da tangarɗar IDH, da shekarun da take kama su.